Yadda ake shirya daren dara da abokai, da yadda ake cin wasan tun daga zubi

Idan kuna da majalisar da kuke haɗuwa bayan sallar isha'i, kuma kun lura hira ta fara mutuwa saboda kowa ya duƙufa a kan wayarsa, ku ware dare ɗaya a mako ku yi dara. Ba ta cin kuɗi, ba ta neman data, kuma duk da mutum biyu ne ke zama a gabanta, mutum goma za su iya kewaye ta kowa hankalinsa na wurin.

Bari mu fara bambancewa, don abu biyu ne Bahaushe ke kira dara. Akwai mai gida 12 wadda ake zuba 'ya'ya hurhuɗu ana kwasa ana rabawa, irin wadda Yarabawa ke kira ayo. Akwai kuma mai gida 30, wadda ake jera 'ya'ya uku a ci ɗan abokin wasa. Wannan ta biyun ce za mu yi magana a kanta. An san Dakarkarin ƙasar Zuru da ita ƙwarai, Zabarmawan Nijar suna kiranta dili, ana kuma yin irinta a Mali da Burkina Faso. Babu sa'a a cikinta ko ƙwaya ɗaya. Ba a jefa komai, ba a ɓoye komai, duk abin da ya same ka kana kallo ya same ka.

Kayan wasa

Gidajen dara sahu 5 ne, kowane sahu gida 6. In akwai rairayi a ƙofar gida, a share wuri a yi ramuka da yatsa, shi ke nan. In a kan siminti ko tabarma kuke zama, ku nemi kiret ɗin ƙwai na kwali wanda ya ƙare aiki. Ramukansa 30 ne cif, biyar sau shida, ba sai an zana komai ba, kuma ko wani ya bugi gefensa da gwiwa 'ya'yan ba sa watsewa. Wanda ke son abin da zai daɗe sai ya kai wa kafinta falanki ya fafe masa.

Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, kuma dole na wannan su bambanta da na wancan sarai. A rairayi an saba ɗaya ya riƙe tsakuwa, ɗaya ya karya kara ko tsinke yana kafawa. A kiret, ƙwallon dabino da tsakuwa sun fi daɗin ɗauka. Murfin kwalbar lemo ma yana yi, in dai launi biyu ne masu nisa da juna, ja da fari misali. Kada ku haɗa kore da shuɗi da dare, don a hasken fitila kusan ɗaya suke, kuma daga nan gardama ke tashi. Fitila mai caji a ɗora ta a sama kaɗan, ta gefe, yadda inuwar hannu ba za ta rufe gidaje ba.

Tsarin zama

In ba ku wuce ku huɗu ba, kiret ɗaya ya isa: wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya tashi wani ya karɓa. Amma wannan tsari yana da illa idan akwai gwani ɗaya a cikinku, don shi zai kwana a kan tabarma sauran su kwana a kallo. Gara a yi kowa da kowa. Mutum 4 wasa 6 ke nan, mutum 5 wasa 10, mutum 6 wasa 15. Daga mutum 5 zuwa sama ku shimfiɗa kiret biyu, in ba haka ba dare zai raba ba ku gama ba. Mutum ɗaya ya riƙe takarda da biro, ci maki 3, canjaras maki 1, kamar yadda ake yi a ƙwallo.

Abu biyu nake roƙon kowace majalisa ta tsaya a kansu. Na farko, kada a sa kuɗi, ko na shayi ne. Da zarar an ce wanda aka ci shi zai biya, wasa ya koma caca, kuma zumuncin da aka taru dominsa shi zai fara lalacewa. Mai masaukin dare ya dafa shayinsa, mako mai zuwa wani ya ɗauka. Na biyu, ɗan kallo ya kama bakinsa har a gama. Wannan ya fi na farko wuya, domin na tsaye yakan hango abin da na zaune bai gani ba, sai ka ji ya yi gyaran murya ko ya ce “Kai, Malam, duba nan mana!” Kalma ɗaya irin wannan tana rushe tarkon da mutum ya daɗe yana haɗawa. A bar sharhi sai an kwashe 'ya'ya, a lokacin kowa ya faɗi abin da ya gani, har a mayar da 'ya'yan a nuna.

Ku yanke dokoki kafin a sa ɗa na farko

Tushen wasan ɗaya ne a ko'ina, amma akwai wurare kaɗan da gari ya bambanta da gari, har unguwa da unguwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ku zauna ku yanke su tun kafin a fara.

Abin da kowa ya yarda da shi: ana zuba 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, ni in sa kai ka sa, har 24 su ƙare, gida 6 su rage babu kowa. A lokacin zubi ba a yarda mutum ya jera uku ba. Bayan zubi sai tafiya: ɗa yana matsawa gida ɗaya, gaba, baya, dama ko hagu, zuwa gidan da ba kowa. Ba ya tsallake wani, ba ya bin kusurwa a karkace. Duk wanda tafiyarsa ta jera masa uku a miƙe, a kwance ko a tsaye, ya ɗauke ɗan abokin wasa guda ɗaya. Wanda 'ya'yansa suka koma biyu an cinye shi, don ba zai ƙara jera uku ba.

Inda ake saɓani kuwa: jeren huɗu ba ya ci a wurin kowa, amma wasu sun hana a yi shi sam, wasu sun ce ka yi abinka sai dai ba ka ci komai ba. Sai batun ko ana iya ɗauke ɗan da ke cikin jeren uku. Da yawa suna cewa a'a, jeren uku yana kare 'ya'yansa. Sai in tafiya ɗaya ta haɗa jere biyu, na kwance da na tsaye, shin ɗa ɗaya za a ci ko biyu. Sai wanda aka toshe gaba ɗaya ba shi da inda zai motsa, an ci shi ne ko zai tsallake. Shawarata ga masu farawa: a hana huɗu gaba ɗaya, jeren uku ya kare 'ya'yansa, tafiya ɗaya ci ɗaya, wanda aka toshe ya faɗi. A ƙara da cewa ɗan da ka ɗaga daga gidansa shi za ka tafi da shi. Wannan doka ta shafi kowa, yaya da ƙani, mai gida da baƙo. In ana dara fidda uwa ake.

Zubi: nan ake cin wasa

Sabon shiga yana ɗaukar zubi kamar share fage ne, yana sauri ya gama a fara “wasa na gaskiya”. Alhali rabin wasannin da za ku gani an gama su tun kafin a motsa ɗa ko ɗaya. Don mu fahimci juna, mu ƙirga sahu daga sama 1 zuwa 5, gida kuma daga hagu 1 zuwa 6.

Fara da sanin darajar gidaje. Gidajen kusurwa 4 maƙwabta biyu-biyu gare su. Sauran gidajen gefe 14 suna da uku-uku. Gidaje 12 na ciki su ke da hurhuɗu. Jeren uku da za a iya yi a faifan gaba ɗaya 38 ne, 20 a kwance, 18 a tsaye. Gida na 3 da na 4 a sahu na 3 kowannensu jere 6 ke ratsa shi, kusurwa kuwa jere 2 kawai. Shi ya sa 'ya'yanka uku ko huɗu na farko ya kamata su sauka a ciki, kuma in abokin wasanka ya kama ɗaya daga gidajen tsakiyar nan biyu, kai ka kama ɗayan.

Bayan haka sai ka fara haɗa tarko. Tarkon dara 'ya'ya uku ne da gida ɗaya wanda ba kowa: biyu suna kan layi, na uku yana maƙwabtaka da gidan da zai cika layin. Misali kana da 'ya'ya a sahu na 3 gida na 2 da na 3, ga wani a sahu na 2 gida na 4. Da an fara tafiya, sai ka sauko da shi sahu na 3, uku sun jeru. Ko kuma biyun su bar gida ɗaya a tsakaninsu, gida na 2 da na 4, na ukun yana sama ko ƙasa da gida na 3 yana jiran ya faɗa tsakiya. Irin wannan na biyu ya fi shige wa mutane duhu, don ido ya saba neman biyu a manne.

To amma ka tuna, a lokacin zubi tarko ba ya kamawa nan take. Abokin wasanka yana da damar ya sa ɗansa a gidan ya toshe. Ribarka a nan ita ce ka tilasta masa ya ajiye ɗa inda kai ka zaɓa masa, ba inda shi yake so ba. In ka yi ta haɗa tarko yana ta toshewa, zai ƙare zubi da 'ya'ya a warwatse, babu biyu da suka san juna. Haka kai ma, in ka ga kana ta bin bayansa kana toshiya sau uku a jere, tsaya ka nemi gidan da zai toshe masa kuma ya haɗa maka naka tarkon a lokaci guda.

'Ya'ya biyu na ƙarshe su ne masu tsada. Wanda ya fara zubi shi zai fara tafiya, ke nan bayan ya sa ɗansa na 12, abokinsa ɗa ɗaya ya rage masa. In ɗan nan na 12 ya buɗe tarko biyu, ɗaya kawai za a iya toshewa. Ga yadda yake: kana da 'ya'ya a sahu na 2 gida na 1 da na 4, da wani a sahu na 3 gida na 2. Ba wanda zai kula da su, don ba su yi kama da komai ba. Sai ka sa na ƙarshe a sahu na 3 gida na 3. Yanzu in gida na 1 da na 4 na wannan sahu babu kowa, ko wanne ya toshe za ka sauko ta ɗayan. Saboda haka in kai ne na biyu, tun daga ɗa na 9 ka daina kallon 'ya'ya, ka koma ƙirga gidajen da suka rage, kana tambayar kanka: in ya sa a nan, tarko nawa zai buɗe?

Akwai kuma gidan da ya haramta ga kowa, kuma shi ne abin da na fi so mutum ya koya a darensa na farko. Tunda ba a jera uku a zubi, gidan da zai cika maka layi kai ba ka da ikon sa ɗa a ciki. In gida ɗaya ya zama haka gare ku duka, zai zauna fanko har a fara tafiya. A ce kana da sahu na 3 gida na 1 da na 2, shi kuma yana da gida na 3 a sahu na 1 da na 2. Gida na 3 a sahu na 3 ya haramta gare ku duka. Yanzu faɗan ya koma kan maƙwabtansa biyu da suka rage, wato gida na 4 a sahu na 3, da gida na 3 a sahu na 4, domin daga nan ne ake shiga a ci. In kowa ya sami ɗaya, mai fara tafiya shi ya ci. Don haka in kai ne mai farawa, ka nemi irin wannan gida da gangan. In kai ne na biyu, ka guje shi, ko ka kame maƙwabtan duka biyu. Sai dai ka lura, in ka kame su duka, da na gida na 4 za ka shiga. In ka hau da na ƙasa, huɗu za su jeru, ka tashi a banza.

Tafiya da ci

Da an gama zubi gida 6 ne kawai a buɗe, wuri a matse yake, kuma kowane motsi yana buɗe gidan da ka bari. Kafin ka ɗaga ɗa, duba gidan da zai bari kafin ka duba wanda zai shiga. Sau da yawa ɗan da kake son tafiya da shi shi ne ke toshe wa abokinka layi tun daga zubi, ka manta dalilin da ya sa ka ajiye shi a wurin.

In ka jera uku, kada murna ta sa ka ɗauki wanda ya fi kusa da hannunka. Tambaya ta farko: yana da tarkon da zai kama a tafiyarsa ta gaba? In akwai, ɗauke ɗaya daga 'ya'yan tarkon, kuma ka fi son wanda yake aiki a layi biyu. In babu, ɗauke ɗan da zai iya shigowa ya toshe maka ci na gaba. Ka kuma tuna ɗan da ka ɗauke yana barin gida a buɗe. Wani lokaci ɗansa da ya maƙale a kusurwa ba ya motsi, barinsa ya fi ɗauke shi, don yana cikin lissafi amma ba ya masa aikin komai. Wani lokaci kuma ɗauke ɗa yana buɗe wa wani ɗansa hanyar cika layi, ka ci ɗaya a ci maka ɗaya.

Jeren da ka riga ka yi ba ya sake ci yana zaune. Sai ka fitar da ɗa ɗaya, sannan ka dawo da shi. Wannan ci ɗaya ne a tafiya biyu, kuma tsakanin fita da dawowa abokinka zai iya shiga gidan ya zauna. Don haka ka fitar da ɗan da gidansa ba ya maƙwabtaka da ɗan abokin wasa.

Doki

Abin da kowane ɗan dara ke nema shi ne doki: tsarin da duk motsi ɗaya ci ne. 'Ya'ya biyar yake buƙata. Biyu a sahu ɗaya, biyu a sahun da ke manne da shi, na biyar yana kai da kawowa tsakanin sahun biyu. Ya hau ya cika na sama, ya sauko ya cika na ƙasa. Misali sahu na 2 gida na 1 da na 2, sahu na 3 gida na 1 da na 2, mai kai-kawo yana gida na 3. Ko kuma biyun ƙasa su kasance a ɗaya ɓangaren, gida na 4 da na 5, duk ɗaya ne.

Raunin doki shi ne gidan da mai kai-kawo ya bari. A misalin nan, in ya sauko, ana iya shiga gidan da ya bari ta sama ko ta dama, ƙofa biyu ke nan, kai kuwa ɗa ɗaya kake ɗaukewa a kowane ci. In yana da 'ya'ya a ƙofofin duka biyu, dokinka ya mutu a hawa ɗaya. Nan ne kusurwa, wadda muka ce ba ta da daraja a farkon zubi, take zama mafi tsada. Ka haɗa dokinka a sahu na 1 da na 2, 'ya'ya huɗu a gida na 4 da na 5, mai kai-kawo a gida na 6. In ya sauko, kusurwar da ya bari ba ta da ƙofa ko ɗaya, don maƙwabtanta biyu duk naka ne. In ya hau, ƙofa ɗaya ce tak, gida na 6 a sahu na 3, kuma duk ɗan da ya zo nan sai ka ɗauke shi. Abin kiyayewa kawai kada ka sa naka ɗan a gida na 3 na waɗannan sahu, don kada uku ta zama huɗu.

In kai aka haɗa wa doki, hanya biyu gare ka. Ko ka kawo 'ya'ya biyu ƙofa a tare, ko ka yi naka cin ka ɗauke ɗaya daga biyun da ba sa cikin jere a wannan lokacin. In duka biyun ba za su yiwu ba, ba laifi ba ne ka miƙa hannu ka ce “Alhaji, ka ci, a sake zubi.” Ya fi a zauna ana kallo yana tsince 'ya'ya ɗaya-ɗaya, masu jiran layi kuma suna hamma.

Ƙarshen wasa

Idan 'ya'ya suka ragu, faifai ya buɗe, salon wasa yana canzawa. Mai 'ya'ya da yawa kada ya bazu yana bin na abokinsa. Ya tattara biyar a gefe ɗaya ya haɗa doki, saura su tsare ƙofa. Mai 'ya'ya uku ko huɗu kuwa ya riƙe su kusa da juna, yana neman ci ɗaya da zai rushe wancan shiri, ko ya cusa ɗa ɗaya a tsakiyar 'ya'yan abokinsa ya hana su haɗuwa.

Yakan faru kowa ya toshe kowa, a yi ta gaba da baya babu ci. Ku sa iyaka tun farko, misali in kowa ya yi tafiya 20 ba a ci ɗa ba, canjaras ne, a tashi. Kuma tunda mai fara zubi yana da ɗan rinjaye, duk mutum biyun da suka haɗu sau biyu a dare ɗaya, wanda ya fara a karon farko shi zai bi baya a na biyu. Baƙon da bai taɓa yi ba a bar shi ya fara, kuma a wasansa na farko wani ya zauna kusa da shi yana nuna masa gidajen da suka haramta gare shi a zubi, da yardar wanda yake karawa da shi.